Ƙafar Taubashi

Da hantsi ƙusar ta shiga ƙafar Muntaka, yana tsaka da kwashe kashin doki a ɗakin wata goɗiya da ake kira Najma. Silifas ne a ƙafarsa, irin na shiga banɗaki. Ƙusar tana kwance cikin caɓin fitsari da dusa, maƙale a jikin wani katako da ya ɓalle daga ƙofa tun bara. Ta huda silifas ɗin, ta huda tafin ƙafar, sai da ya sa hannu biyu ya zare ta.

Bargar tana birnin Jidda, kudu da unguwar Waziriyya, bayan filin da ake jibge matattun motoci. A bakin ƙofa akwai allo mai hoton farin doki yana sukuwa a gefen teku. Abin da yake da kyau a wurin ke nan, allon. Ciki kuwa siminti ya farfashe, bututu yana yoyo dare da rana, fitsari ba shi da hanyar fita, dawakai suna tsaye a cikinsa har kofatonsu ya jiƙu ya yi laushi. Ƙofofi duk da waya aka ɗaure su. Wayar lantarki tana reto a saman kwamin shan ruwa. Masu dawakan 'yan gari ne, suna ajiye su a nan a kula musu, sai ranar Juma'a bayan la'asar suke zuwa su hau. Saboda haka ranar Juma'a da safe kaɗai ake watsa sabon yashi a rufe ƙazanta.

Mai wurin shi ne Hashim, haifaffen Jidda, ɗan gwaggon Muntaka. Wato taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, waɗanda al'ada ta yarje wa su tsokani juna, ba mai fushi. Hashim bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Hausarsa rabi Larabci ce, bai iya gaida babba ba, bai san sunan kakansa na biyu ba. Amma wannan al'ada guda ɗaya ya riƙe ta kamar farilla, tun ranar da Muntaka ya zo umra daga Kazaure gwaggonsa ta ce ya zauna ya taimaki ɗan'uwansa.

Muntaka ya ɗingisa har inda Hashim yake zaune cikin mota, da sanyin na'ura a kunne.

"Hashimu, na taka ƙusa. Ta shiga sosai."

Hashim ya sauke gilashi kaɗan, ya leƙo. "La, la, la! Bawana ya fara dabara. Kai ka taka ta, ko ita ta taka ka? Kawo ƙusar in ba ta haƙuri, Allah kaɗai ya san abin da ta kwaso a ƙafar nan."

Muntaka ya yi dariya. Ya girmi Hashim da shekaru, yana da mata da 'ya'ya a gida, amma dole ya yi dariya, don wanda ya ɗaure fuska ga wasan taubashi shi ne marar tarbiyya.

"Da mun je an duba," in ji shi.

"Mustashfa? Asibiti kake nufi? Da wace iƙama, ya shaikh, kai da ba ka da takardar zama? Kana shiga za su ce kawo kati. Basiɗa ce, ba komai. Wanke da fetur. Yalla, dawaki suna jiranka, su ba sa ƙarya irin ta mutanen Kazaure."

Gilashi ya koma sama.

Muntaka ya wanke da fetur, ya ɗaure da tsumma, ya koma cikin caɓin. Ba wanda zai shiga in ba shi ba. Shi ne mai shara, mai ban ruwa, mai wanka, mai gadi, a ɗakin ajiye dusa yake kwana.

Ƙafar ta yi shiru kwana kaɗan, sannan ta fara magana. Ta kumbura har silifas ya ƙi shiga. Yana takawa sai ya ji kamar ƙusar tana nan ba a zare ta ba. Ita ma Najma a kwanakin nan ta fara ɗingishi da ƙafar gaba ta hagu, tana ɗaga ta tana ajiyewa, kofaton yana wani irin wari. Idan ya fito da ita shan iska, sai ka ga su biyun suna tafe, tana ɗingisa hagu yana ɗingisa dama. Hashim ya ɗauki hotonsu a waya, ya sa kiɗa, ya tura wa dangi. Kowa ya turo fuskar dariya.

Da zazzaɓi ya fara, Muntaka ya roƙi Hashim ya kai shi gida wurin gwaggo. Gidan yana unguwar Sa'alaba, tsohon bene ne mai ƙamshin turaren wuta. Hajiya Zubaidatu, ƙanwar mahaifinsa, tana zaune a kan dadduma da carbi, ga matar Hashim, Fauziyya, tana jera kofunan shayi.

"Gwaggo, ina wuni."

"Muntaka, ɗan yayana. Lafiya lau. Me na ji an ce ya sami ƙafar?"

Ya kwance tsumman. Fauziyya ta ja gefen mayafi ta toshe hanci.

"Ya ummi, a kan kafet ɗin? Jiya aka kawo shi daga wanki."

Hajiya ta dubi ƙafar daga nesa, carbin bai tsaya ba. "Wannan ai lalle da gishiri ne maganinsa. Ubanka ya taka abin da ya fi wannan a gona, bai taɓa ganin likita ba. Ku 'yan yanzu ba ku da jimiri."

"Gwaggo, ba na barci. Har cinya nake jin abin. Ko ɗan ƙaramin asibiti ne, na unguwa, an ce akwai waɗanda ba sa tambayar takarda."

"An ce. Wa ya ce? Idan suka tambaya fa? Kai jirgi za a sa ka, ka koma gidanku ka kwanta. Shi kuma ɗan'uwanka a rufe masa wuri, a ce ya ajiye mutum ba takarda. Ka taɓa tunanin wannan? Mu nan muke, ba mu da wata ƙasa da za mu koma. Muntaka, ka ji tsoron Allah a kan ɗan'uwanka."

Ya sunkuyar da kai. Shi ne ya zo da ƙafa mai mugunya, shi ne kuma ake yi wa wa'azi.

Hashim ya shigo yana kaɗa makullin mota. "Ummi, kar ki biye masa. Kewar matarsa yake ji, shi ne yake neman jirgin kyauta."

Hajiya ta yi dariya har carbi ya faɗi. "Ku dai ba ku girma. Kai da Muntaka ba mai shiga tsakaninku." Ta sa aka ɗaure masa lalle a leda, da ragowar shinkafar rana. Fauziyya ta raka su da ido har ƙofa, tana cewa in zai sake zuwa ya tsaya a ƙasa, za a sauko masa da abinci, bene ba ya yi wa mai ciwon ƙafa daɗi. Tausayinta ke nan.

Lalle ya rina ƙafar, bai hana ta komai ba. Ranar Juma'a da safe Muntaka ya kasa tashi. Yashi yana jibge a tsakar barga ba a watsa ba, Najma kuma ta ƙi taka ƙasa da ƙafar nan ko kaɗan. Mai ita, wani mutum da ake kira Meshari, zai zo da 'yarsa Ruba bayan la'asar, don ita ce mai hawa.

Hashim yana da maganin irin wannan rana. A cikin akwatin sanyi na motarsa akwai wata kwalba ta allurar kashe zafi, ta dawakai. Duk dokin da ya yi ɗingishi ranar Juma'a, ya sha allura da azahar, ya yi tafiya kamar lafiyarsa ƙalau har mai shi ya koma gida. Likitan dabbobi kuwa ba a kiransa, don yana da ido, zai ga simintin, zai ga wayar lantarkin, zai yi magana.

Ya soka wa Najma a wuya. Sannan ya tsaya da sirinjin a hannu, ya dubi Muntaka da ke kwance a kan buhunan dusa, sai fuskarsa ta washe.

"Bawana, juya."

"Hashimu, wannan ta doki ce."

"To kai mene ne? Jaki da doki ai 'yan gida ɗaya ne. Ita kuwa 'yar asali ce, takardunta sun fi naka, ba ta yi gardama ba. Kaɗan zan sa maka, wallahi kaɗan."

Muntaka ya dubi ƙafar, ya dubi yashin da ke jiransa. Zafin ya kai inda ko wuta aka ce za a sa masa zai miƙa. Ya juya.

Kafin la'asar ya miƙe. Ya watsa yashi, ya wanke dawakai, ya ɗaura sirdi. Hashim ya riƙa tafawa. "Masha Allah! Kun gani? Daktor Hashim! Da mun je mustashfa da yanzu muna layi." Da ya koma gida ya ba da labari, Hajiya ta ce Allah ya yi masa albarka, shi dai yaron nan tun yana ƙarami yake da kai.

Daga nan allura ta zama abincin su biyun. Da ta Juma'a ce kaɗai, ta koma duk ranar da aiki ya yi yawa. Zafi yana ɓoyewa, ciwo yana aikinsa. Muntaka yana taka ƙafar cikin fitsari ba ya jin komai, sai allurar ta sake shi ya ga yatsun sun canza launi. Cikinsa ya fara ƙuna, abinci ya daina zama. Ya rame, idanunsa suka faɗa. Ya daina kiran matarsa ta hoto, sai ta murya, yana cewa wayar ce ta lalace. Idan zai yi alwala sai ya shafa a kan tsumman, ya yi salla a zaune, ga jan layi ya hau ƙaurinsa kamar an zana da alƙalami.

Ya sake gwada magana sau da yawa. Kowace magana ta fito daga bakinsa, Hashim yana cafe ta ya mai da ita wasa.

"Hashimu, yatsun sun yi baƙi."

"Da can farare ne?"

"Hashimu, warin nan ba na lafiya ba ne."

"Alhamdu lillah, yau ka ji abin da muke ji tun da ka zo."

Ba zagi ba ne, ba duka ba ne, ba abin da mutum zai kai ƙara gaban manya. In ya ce an wulaƙanta shi, za a tambaye shi me aka ce, in ya maimaita, masu sauraro su ma su yi dariya.

Najma ce ta fara tona asiri. Wata Juma'a Ruba tana kanta, suna zagaya filin, ƙafar da ba ta jin zafi ta lanƙwashe. Goɗiyar ta durƙusa, yarinyar ta wuce ta kanta ta faɗi dab da wani turken ƙarfe da aka bari a tsaye tun ana gina wurin. Tazarar da ke tsakanin kanta da ƙarfen ba ta kai tafin hannu ba. Ta tashi tana kuka, da ƙurjewa a kafaɗa. Meshari bai yi ihu ba. Ya ɗaga ƙafar goɗiyar, ya shinshina, ya ciro waya ya kira likita.

Hashim ya ruga ɗakin dusa inda Muntaka ya jingina yana haki.

"Shiga ciki, kar ka yi motsi. Daktor yana zuwa. In ya gan ka da ƙafar nan, halas, mun shiga uku."

"Likita ne, Hashimu. Ko kallo ɗaya ya yi mini."

"Likitan dabbobi ne." Hashim ya buɗe baki zai ƙara wata, ya ga ba lokaci. Ya ja ƙofar, ya murɗa waya ta waje.

Ta wani rami a jikin langa-langa Muntaka ya ga komai. Likitan, wani dattijo ɗan Sudan, ya durƙusa a kan yashi da farin wandonsa. Ya ɗora kofaton a cinyarsa. Ya wanke shi da ruwa mai tsabta, ya kankare a hankali yana yi wa goɗiyar magana ƙasa-ƙasa, har mugunya ta fashe ta zubo. Ya zuba magani, ya naɗe da farin bandeji, ya shafa wuyanta. Tun da ƙusar nan ta shiga, ba ɗan'adam ɗin da ya sa hannu ya taɓa ƙafar Muntaka.

Muntaka ya ja jiki zuwa ƙofa, ya tura da kafaɗa. Duk ƙofofin bargar nan iska ma tana buɗe su. Wannan kaɗai wayarta ta riƙe. Langa-langa ya yi ƙara, likitan ya waiwaya ya tambayi mene ne.

"Kyanwoyi ne, ya daktor," in ji Hashim. "Sun dame mu."

Kafin magariba mota ta zo ta ɗauki Najma. Meshari ya ce zai gaya wa sauran masu dawaki abin da ya gani, kuma zai sa a zo a duba wurin. Hashim ya bi shi har bakin ƙofa yana rantsuwa cewa laifin ma'aikaci ne, wani malalaci da ya riga ya kora.

Washegari da safe suka zo su biyu, Hashim da Hajiya. Karonta na farko ke nan a bargar. Ba ta fito daga mota ba. Hashim ya kinkimo Muntaka ya sa a kujerar baya da ya shimfiɗa wa buhu, ya jefa masa jakarsa.

"Asibiti za mu?"

"Abin da ya fi asibiti," in ji Hajiya ba tare da ta waiwayo ba. "Mun yi shawara. Akwai wata gada da motar jami'ai take wucewa kullum. Ka zauna a nan, su ɗauke ka. Hukuma za ta yi maka magani, ta sa ka a jirgi. Ka ga ka huta, ka ga iyalinka. Abu ɗaya nake roƙonka, don darajar ubanka: ba ka san mu ba. Umra ka zo, ka ɓata."

Suka bi ta cikin gari, Hashim yana kunna karatu a rediyo. A gindin gadar ya tsaya, ya sauko da shi, ya jingina shi da ginshiƙi, ya ajiye masa gorar ruwa.

"To bawana, na 'yanta ka. Ka je ka ce ubangidanka ya yi maka kirki."

Ya jira dariyar. Ba ta zo ba.

"Hashimu," in ji Muntaka, muryarsa a dushe, "ni ba wasa nake ba. Tun ranar farko ba wasa nake ba. Kai ma ka sani."

Fuskar Hashim ta canza, kamar wanda aka mara a gaban mutane. Ya koma mota ya buga ƙofa.

"Kin ji, ummi? Kin ji abin da ya ce mini? Bayan duk abin da na yi masa?"

Hajiya ta girgiza kai. "Bar shi. Zafin ciwo ne. Mu dai mun yi don Allah."

Jami'an da suka tsince shi ba su san shi ba, ba su haɗa kaka da shi ba. Ɗayansu ya dubi ƙafar, ya kira motar asibiti kafin ya tambayi sunansa. Suka tambaye shi wa ya ajiye shi, a ina yake aiki. Ya ce umra ya zo, ya ɓata. Likitoci suka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa. Da dungun ya warke aka kai shi inda ake tara masu jiran jirgi, daga nan Kano, daga Kano Kazaure, da sanda biyu a hammata.

Ba a rufe bargar ba. Hashim ya watsa yashi mai yawa, ya naɗe wayar lantarkin da leda, ya sake fentin allo. Wasu masu dawakan sun tafi, wasu sun zo. Hajiya kuwa ta riga Muntaka isa Kazaure, ta waya. Ta gaya wa yayanta, mahaifin Muntaka, yadda yaron ya ɓoye ciwonsa don kunya har ya yi nisa, yadda suka yi ta fama da shi ya je asibiti ya ƙi, yadda Hashim ya riƙa sayo masa magani mai tsada da hannunsa. Tsohon ya yi ta sa albarka, ya ce zumunci irin na Zubaidatu ya yi ƙaranci a zamanin nan.

Ranar sallar layya Hashim ya kira ta hoto. Gida ya cika, aka kewaye wayar, aka miƙa wa Muntaka inda yake zaune a kan tabarma. Ga Hashim cikin farar jallabiya, ga Hajiya a bayansa tana ɗaga hannu.

"Bawana! Barka da salla! Na je kasuwar Balad zan saya maka takalmi, na ce su sayar mini ƙafa ɗaya, suka ƙi. Sai ka nemo wani mai ƙafar dama ku raba!"

Tsakar gida ta ɗauki dariya. Mata suna riƙe ciki, ana cewa kai, Hashimu ba dama, taubashi ke nan. Muntaka yana kallon wayar.

"Amsa masa mana," in ji mahaifinsa. "Ɗan'uwanka yana yi maka wasa."

Muntaka ya kifa wayar a kan tabarma. Dariyar Hashim ta ci gaba da fitowa daga ƙarƙashinta, ƙasa-ƙasa, har tsohon ya miƙa hannu ya ɗauka, ya ba da haƙuri a madadin ɗansa. Ya ce a yafe masa, tun da ya dawo haka ya koma, ba ya jin wasa. Sannan ya gyara murya, ya matso da wayar kusa da bakinsa, ya tambayi ƙanwarsa ko akwai wuri a bargar, don ga Usuman nan, ƙanin Muntaka, zaune ba aikin yi, kuma ƙafafunsa biyu lafiya lau.